Sunan da Zabiya Ba Ta Kira Ba

Shekara talatin da 'yan kai Barakatu ta yi tana kiran sunayen 'ya'yan mutane a garin Daura. Sana'arta ke nan. Zabiya ce ta kiɗan ƙwarya, kuma in aka yi biki a unguwa ba a ji muryarta ba, to a wurin mata ba a yi biki ba, an dai ci tuwo an watse. Ta kira angwaye, ta kira iyayen angwaye, ta tono kakannin da jikokinsu ma suka manta da su, ta jera su cikin waƙa har uwar biki ta fashe da kukan daɗi. Suna ɗaya ne rak bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a waƙa ko a magana, shi ne sunan ɗanta na fari, Nu'uman.

Kada wani ya yi saurin cewa ƙiyayya ce. Kunya ce, kunyar ɗan fari, wadda a kanta aka yi wa matan zamaninsu tarbiyya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da cikinta na ci da wuta. Ana yaye shi aka kai wa mahaifiyarta a Sandamu. Can ya girma, ya tashi yana jin ƙannenta na ce mata Yaya Baraka, shi ma ya bi sahu. Ita kuwa in ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "na Sandamu". Har a filin biki, in ango ya zo da wannan suna, sai ta zagaye ta ce "mai sunan na Sandamu", mata su yi shewa su ce Barakatu ta san kanta. Tana alfahari da wannan kuwa, ba ta ɓoyewa.

To yanzu na Sandamu yana kwance. Shekararsa arba'in da shida, dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua, mutum mai jiki da murya, amma ciwon ƙoda ya mayar da shi kamar karan dawa. An yi ta jigila zuwa Katsina ana wankin ƙoda, har likitoci suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kuma babu wanda bai san ma'anar wannan magana ba. Kullum da hantsi Barakatu takan je gidansa, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ba ta shiga ba, ta dubi matarsa Siddiƙa ta ce, "Ya mai jiki?" Sai ta ajiye kwanon kunun tsamiya ta ce wai maƙwabciya ce ta dama ya yi mata yawa. Ƙarya take yi, ita ta dama shi da hannunta.

Wata ranar Litinin tana tankaɗe a inuwar bedin da ke tsakar gidanta, sai ga Talatu ta faɗo ko sallamar kirki babu. Talatu ita ce babbar 'yar amshinta tun suna da ƙuruciya, kuma tare suka ajiye ƙwarya suka bar waƙa shekara bakwai da suka wuce, bayan sun dawo daga aikin Hajji.

"Baraka, ashe haka za ki yi mini? Ki koma waƙa, ko ki aiko a ce Talatu zo ki amsa?"

"Wace waƙa kuma? Ko zafin ranar nan ne ya taɓa ki?"

"Au, tambayata ma kike yi? Gari kaf ya ɗauka! Kuma da kika tashi komawa ba ki koma da komai ba sai da..." Talatu ta kama haɓa. "Ni dai bakina ba zai iya ba. Ji da kunnenki."

Ta danna waya ta ajiye a kan tabarma. Kiɗan ƙwarya ya tashi, sannan murya ta shigo. Rariya ta suɓuce daga hannun Barakatu. Muryarta ce. Ba mai kwaikwayonta ba ce, ita ce, har da 'yar karkarwar nan da take yi a ƙarshen baiti, wadda zabiyoyi da yawa suka yi ta ƙoƙarin sata suka kasa. Sai dai ba muryarta ta yau ba ce da haƙora suka zube, ta lokacin da take da shekara talatin da biyar ce. Ga abin da muryar ke cewa:

Nu'umanu ɗana, na farkon nonona,
Nu'umanu tashi, ga uwarka a ƙofa.
Na kai ka Kusugu kana ɗan tatata,
Ka sha ruwanta a tafin hannuna.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Barakatu. Ji ta yi kamar an kwance mata zani a tsakiyar kasuwa. "Talatu, na rantse da wanda ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni, ban yi waƙar nan ba."

"To wa ya yi? Aljana?"

Barakatu ta juya. Idonta na kan labulen ɗakin autarta, Khairunnisa, wadda tun ɗazu take ƙwaram-ƙwaram da shirin fita aiki, amma tun da aka kunna waƙar motsi ya ɗauke ɗif. Yarinyar tana aiki ne a wani shagon kwamfuta kusa da tasha, tana tsara katin biki da kalanda.

"Auta! Fito nan."

Khairunnisa ta fito kanta a ƙasa, ta durƙusa nesa kaɗan, inda hannu ba zai kai ba. Ba a sha wahalar tambayarta ba. Ta ce ita ce. Ta kwashe tsofaffin kaset-kaset na waƙoƙin Barakatu da ke cikin akwati ta juye su a kwamfuta, ta ba wata manhaja, irin wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira. Manhajar ta saurara ta koyi muryar. Ita kuma ta rubuta mata cewa uwa ce a Daura take yi wa ɗanta na fari waƙa yana kwance, ga sunansa. Sauran duk na'urar ce ta tsara, baitukan da kiɗan da amshin, ko minti biyar ba ta yi ba.

"Minti biyar," in ji Talatu, ta riƙe baki. "Mu da muke kwana uku a kan baiti ɗaya."

"Shi kaɗai na tura wa, Inna, wallahi. Anti Siddiƙa ce ta tura wa 'yan'uwanta don murna, daga nan ta fita."

"Kin sa na yi ƙarya da bakin da ban buɗe ba," in ji Barakatu. "Kin zubar mini da abin da na tsare tun ba a haife ki ba. Me na yi miki, Auta?"

Sai yarinyar ta ɗago, ido jawur. "Ranar Alhamis Babban Yaya ya kira ni kusa da shi. Ya ce, Auta, tsakaninki da Allah, ko a bayan idona, kin taɓa jin ta faɗi sunana? Inna, na rasa abin da zan ce. Da ya ga na yi shiru sai ya yi dariya ya ce ba komai, dama tambaya ce kawai. Ya juya ya fuskanci bango."

Kaji suka samu sarari suna tsattsagar garin da ya zube. Barakatu ta ji maganar ta sauka a ƙirjinta, amma ba ta bari an gani a fuska ba. Sai ta koma inda ta fi ƙarfi, ta hau kushe aikin. Ta ce wannan abin ko numfashi ba ya yi, baiti huɗu a jere ba a ja iska ba, wace mace ce ke da irin wannan huhu? Ta ce ƙwaryar ma ba a kan ruwa take ba, duk mai kunne zai ji. Gaskiya ta faɗa. Amma akwai wata gaskiyar da ta haɗiye, wadda ita ce ta fi ƙona ta: waƙar ta yi kyau. Da a filin biki ta ji wata ta rera ta, da sai ta tashi ta yi mata kari.

Ta yafa mayafi ta ce yanzun nan za ta je ta gaya masa ba ita ba ce.

A hanya ta gane gari ya ɗauka da gaske. Wata tsohuwa da suka yi shekara da shekaru suna gaisawa ta kau da kai kamar ba ta gan ta ba. Wasu 'yan mata kuma a bakin famfo suka bi ta da "Hajiya, waƙarki ta sa mu kuka!" Ba ta san wanne ya fi mata ciwo ba. Haka mutane suke, kowa da abin da zai ce a kan ciwon da ba a jikinsa yake ba.

Da ta isa, Siddiƙa ce ta tare ta a zaure, fuska a sake, rabon da a ga haƙoranta tun kafin azumi. "Inna, Allah ya saka miki. Jiya ya ci tuwo loma biyar. Yau da safe ya ce a kira wanzami a yi masa aski."

"Yaya Baraka ce?" Muryarsa ta fito daga ɗaki, siririya. "Ki ce ta shigo. Yau kam ta shigo."

Ta shiga. Ta zauna a kan tabarma dab da ƙofa, ta zuba wa ƙasa ido. An jingina shi da matashi, kansa fes da sabon aski, wayar tana kan ƙirjinsa ya dafe ta da hannu biyu. Fuskar ta kumbura, amma idon nan, wayyo, idon yaro ne da aka yi wa sabuwar riga.

"Na ji," ya ce. "Na ji saƙonki. Ban san yadda ake godiyar irin wannan ba."

Ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, gajeriya ce, ba ni ba ce, na'ura ce.

"Kin san wani abu?" ya ci gaba. "Zuwan nan namu Kusugu. Da farko na ce ban tuna ba. Amma jiya da na yi ta saurare, sai ga shi yana dawo mini. Kamar kina sanye da zani mai ruwan ganye. Ruwan da sanyi, har ya zubo mini a wuya. Haka ne ko?"

Ba ta taɓa kai shi Kusugu ba. Ba ta taɓa kai shi ko'ina ba. Rijiyar tana nan cikin gari, ta wuce ta ba adadi, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa riƙe hannun yaron nan a kan titi ba. Na'ura ce ta ji an ce Daura ta jawo Kusugu ta saka, shi kuma don tsabar yunwa ya ɗinka wa ƙaryar zani mai ruwan ganye ya sa mata. Barakatu ta ji tausayinsa ya kama ta har cikin ƙashi, ta ji kunyar kanta, wata irin kunya daban da wadda ta saba.

"An daɗe," ta ce. Iyakar abin da ta iya ke nan.

"An daɗe kam." Ya yi murmushi. Ya tara numfashi. "Yaya Baraka, in roƙi abu? Baitin farkon nan kawai. Ki yi mini shi a nan, ina kallonki."

Siddiƙa na tsaye a bakin ƙofa. Ana jin abokansa biyu suna sallama a zaure. Barakatu ta ja iska yadda ta saba ja a gaban ɗaruruwan mata, ta ɗaga haɓa, sai harshe ya ƙi. Ya yi nauyi a bakinta kamar dutsen niƙa. Ta sake gwadawa, gumi ya karyo mata, ko sauti bai fita ba.

"Murya ta dishe," ta ce. "Mura nake yi."

"Ayya, sannu. Bar shi, kada ki wahalar da kanki." Ya shafa wayar. "Ai ina da ita a nan."

Ta fito ba ta faɗi abin da ta zo faɗa ba, ba ta kuma yi abin da ya roƙa ba. A hanyar komawa ta yi kuka cikin mayafi, mai a-daidaita-sahu na ta satar kallonta ta madubi.

Washegari ta sa aka sauko mata da tsohuwar ƙwaryarta daga saman rumfa. Ta wanke ta, ta cika baho da ruwa ta kife ta a kai, ta aika a kira Talatu. Ta ce in dai waƙa ce, ita za ta yi tata, ba za ta ari bakin inji ta yi wa ɗan da ta haifa magana ba. Kuma abin da ya faru za ta faɗa, ba abin da bai faru ba. Kwana biyu tana juya baitukan, tana tankaɗe tana gunguni, tana alwala tana gunguni, har suka zauna:

Ran da ƙyanda ta kama ka a Sandamu,
Da ƙafa na zo, ban jira mota ba.
Na tsaya bayan darni ina leƙe,
Na koma gida ban ce na zo ba.

Talatu ta ajiye makaɗin ƙwarya ta share ido da gefen zani. "Ke Baraka, ashe kin je? Shekara arba'in muna tare ban sani ba."

"Mahaifiyata ma ba ta sani ba har ta koma ga Allah."

Baitukan sun zauna, amma wurin sunan ya ƙi cikuwa. Duk sanda ta iso nan sai ta yi gunji ta tsallake, kamar mai tsallake kwata. Talatu ta yi lallashi, ta yi tsiya, ta yi faɗa.

"Rufe ido ki ɗauka angon wasu ne."

"Ko na wasun ai ban taɓa iyawa ba."

"To mu gutsura shi. Ce Nu."

"Ke dai Allah ya shirye ki. Makarantar allo kika mayar da ni?"

"Ce Nu mana, tsohuwar banza! Kin kira sunan mahauta, kin kira na direbobin kan iyakar Kongolam da ko wanka ba sa yi, naki ne zai gagare ki?"

Suka yi dariya har da hawaye, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu. Talatu ta dafa mata gwiwa, ta sassauta murya. "Baraka, jiya na je na ga ƙafafunsa. Kumburin ya hau. Ki yi abin da za ki yi."

Barakatu ta sani. Abin da ke cinta, wanda ko Talatu ba ta gaya wa ba, shi ne haushin matar nan ta cikin waya. Ba ta yi naƙuda ba, ba ta yi tafiyar Sandamu a ƙasa ba, nono bai taɓa yi mata tsami ba ranar da aka ɗauke yaro, amma ta fi ta iya zama uwa. A minti biyar ta ba shi abin da ita ta hana shi shekara arba'in da shida. Kuma kullum in ta je da hantsi sai ta tarar da ita a ɗakin tana kiransa, ita kuwa tana zaune a bakin ƙofa tana tambayar ya mai jiki.

Ranar Juma'a wajen sha biyu da rabi Khairunnisa ta shigo a guje, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce Anti Siddiƙa ta bugo, jiki ya rikice tun safe, ko ruwa ba ya karɓa.

Sun tarar maza duk sun tafi masallaci. Mata ne kawai a tsakar gida, 'yan'uwan Siddiƙa da maƙwabta, kowa ta yi jugum. Barakatu ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta ce, "Ku ba ni wuri." Siddiƙa ta fito, Khairunnisa ta saki labule.

Yana kwance ya fuskanci bango, ya ja bargo har kansa saboda sanyin da yake ji a cikin wannan zafi. Barakatu ta zauna a bakin gadon. Rabonta da zama kusa da shi haka tun yana shan nono. Ta ɗora hannu a kan kafaɗarsa, ta ji ƙashi zalla. Ta runtse ido, ta yi bisimilla a ranta, ta tura.

"Nu'uman."

Ya fita. Da ƙyar, a shaƙe, kamar ba da bakinta ba, amma ya fita. Rufin ɗaki bai faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba. Wayyo Allah, ashe iyakarsa ke nan? Abin da ko numfashi ɗaya bai cika ba?

"Nu'uman. Ɗana. Ni ce."

Bai motsa ba. Ta ce a ranta nauyin ciwo ne, yana ji. Sai ta sunkuya ta rera masa baitukanta ƙasa-ƙasa, da muryarta ta yau, mai tsagewa, mai tsayawa jan iska a tsakiyar layi. Ta gaya masa ƙyanda, ta gaya masa darni, ta sa sunan a wurinsa har sau uku. Hawaye na ɗiga a kan bargon. Da ta kai ƙarshe ta yi shiru tana jiran ya juyo.

A cikin shirun ne ta ji wani ɗan sauti siriri, kamar kukan sauro. Ta janye bargon a hankali. Wata farar igiya ta fito daga ƙarƙashin kumatunsa ta shige cikin kunnuwansa biyu. Iyafis ne, abin sauraron waya a kunne. Ashe abokansa ne suka yi ta ƙorafin cewa kiɗa bai dace da ɗakin mara lafiya ba, shi ne ya sa aka sayo masa don ya riƙa ji shi kaɗai. Idonsa a rufe, leɓensa na motsi yana bin waƙar. Matar cikin waya ce ke kiransa. Ko kalma ɗaya daga bakin Barakatu bai ji ba.

Ta sa hannu ta zare igiyar daga kunnensa. Za ta sake, ai yanzu ta iya, bakin ya riga ya buɗe. Sai ya buɗe ido ya juyo, kuma a daidai nan ta ji numfashinsa. Ta san wannan numfashin. Ta ji shi a ƙirjin mahaifiyarta, ta ji shi a ƙirjin mijinta, mai gurgura yana tsayawa yana dawowa. Ba sauran lokacin waƙa. Kunnensa a buɗe yake yanzu, amma ba ta san ko na magana nawa ya rage ba, kuma duk ɗiyar Musulmi ta san maganar da ake fara sa wa a kunnen mai wannan numfashi.

Ta kai bakinta kusa da kunnensa. "La'ilaha illallah," ta ce. "La'ilaha illallah, Muhammadur Rasulullah."

Ta maimaita, ta sake maimaitawa, a hankali, ba ta matsa masa ba. A karo na huɗu leɓensa ya kama. Ya faɗe ta, a rarrabe, amma ya kai ta har ƙarshe.

Barakatu ta ce alhamdulillahi a zuci. Sannan abin ya faɗo mata.

Tun tana yarinya ta san hukuncin, kowa ya sani. In mai barin duniya ya yi kalmar shahada, ba a sake yi masa wata magana, don kada ya amsa, kalmar ta zama ba ita ce ta ƙarshe a bakinsa ba. Ga shi kuwa bai tafi ba. Idonsa a buɗe, tar a kanta, ya gane ta sarai. Kallonta yake yi irin kallon ranar Litinin, kallon mai jira. Sunan yana bakinta, ya yi laushi, a shirye. Kuma ta san ɗanta. In ta kira shi zai amsa. Mutumin da ya shekara arba'in da shida yana jiran wannan kira, ko da numfashin ƙarshe ne sai ya tattaro shi ya ce na'am.

Ta datse leɓenta da sauran haƙoran da suka rage mata. Ta kama hannunsa ta riƙe da hannu biyu, tana murza yatsun, tana kallonsa ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga nesa lasifikar masallaci na kawo huɗuba. Aka gama huɗuba, aka tayar da salla, aka yi raka'a ta farko. Yana kallonta, tana kallonsa. Ba ta taɓa sanin shiru na da ciwo haka ba, ita da ta yi shirun shekara arba'in da shida tana ganin ado ne. Sau biyu bakinta ya buɗe da kansa, sau biyu ta mayar da shi ta rufe.

Liman na sallamewa, hannun ya saki.

Ta daɗe a zaune. Sannan ta shafa masa ido ta rufe, ta miƙar da ƙafafunsa, ta ja bargon ta lulluɓe shi. Ta gyara mayafinta ta ɗaga labule. Matan tsakar gida suka miƙe gaba ɗaya. Siddiƙa ta dafa bango, Khairunnisa ta ɗora hannu biyu a ka.

"Siddiƙa, sai haƙuri," in ji Barakatu. Muryar ta fita sarai, babu dishewa. "Nu'uman ya cika."

Duk wanda ke cikin gidan ya ji ta.